Ranar da Buhuna Suka Dawo 'Yankara

Kai Nura, ajiye wayar nan ka saurare ni, tunda kai ka tsokano maganar. Wai dillancin hatsi ba sana'a ba ce, zama ne a inuwa ana karɓar la'ada. Haka ka ce ko? Na ji ka sarai, kunnen hagun ne kawai ya mutu. Ku yaran yanzu in ba ku ga gumi na zuba ba sai ku ce mutum ba ya aiki. To ni na yi dillanci tsakanin Ƙanƙara da 'Yankara da Sabuwa tun muna ƙarƙashin Kaduna, kuma har yau da nake maku maganar nan akwai abin da ya same ni cikin sana'ar da ban gane kanshi ba. Shi zan ba ku. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba.

Aikin farko da ubangidana, Baba Ɗanjuma, ya ba ni shi ne ɗinke bakin buhu. Na zo mashi gemuna ya fara tsiro, ina ji da kaina, na ɗauka ranar zai koya mani taya da sallamawa. Sai ya miƙo mani basilla da zaren rama, ya nuna mani tulin buhunan dawa. Na yi ta ɗinki har tafin hannuna ya yi kanta, kullum ina ƙunƙuni. Ashe karatu ya sa ni. A lokacin buhun algarara ake amfani da shi, mai tsada, ba wannan na roba da kuke yarwa a bola ba, kuma kowane gida da shaidar da yake sa wa nashi da shuni. Wani ƙafar kaza, wani tsani, wani zobe. Mai ɗinki kuwa dole ya matse buhu tsakanin gwiwoyinshi, shaidar na kallonshi. Kafin in farga, in aka sauke kaya daga kan jaki, daga nesa zan gaya maka gidan da ya fito, da irin ƙasar gonarsu, da ko matan gidan sun iya shiƙa ko suna barin ƙaiƙayi.

Kayan aikin ba su da yawa. Tiya, basilla, da wani ƙarfe mai rami da muke soka wa buhu mu zaro hatsin tsakiya, don manomi ma ɗan Adam ne, yakan sa mai kyan a sama. Sai haƙori. Ka jefa ƙwayar masara a baki ka ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotsa, wanda ya saya zai yi kuka kafin bazara. Kun ga gefen nan da ba ni da haƙora? Ba goro ba ne, masarar mutane ce.

Amma duk wannan wasa ne. Ainihin sana'ar tana wurin cinikin da ba kuɗi hannu ba. Ku riƙe wannan da kyau, in kuka rasa shi kun rasa sauran. In mai saye ya biya nan take, sai a juye hatsin a buhunshi, manomi ya naɗe nashi ya tafi gida. In kuwa ya ce sai kasuwa ta zagayo, dillali kuma ya ce "na tsaya mashi", to hatsin zai tafi ne cikin buhun manomi, da shaidarshi a jiki. Ranar biya, mai saye ya zo da buhunan ya ajiye a rumfar dillali, kuɗin na tare da su. Ba a rubuta komai. Buhu ya dawo, kuɗi sun zo. Buhu bai dawo ba, magana na nan. Ba wanda ya taɓa koya mani wannan da baki, ni ma ban taɓa koya wa kowa ba, kamar dai yadda ba a gaya wa babban mutum ya cire takalmi a ƙofar masallaci. Mata ma da ke cikin gida sun sani. Da an ce masu buhunanku na rumfar wane, sai su aika a karɓo masu gishiri da manja.

Sai kuma rata. Kuɗin da za a sayar wa mai biya yau daban, na wanda zai biya nan gaba daban, abin da ke tsakani shi muke ce wa rata. Ta manomi ce, ba ta dillali ba, ladan zaman da zai yi da fargaba ke nan. Malamanmu sun ce babu laifi matuƙar an yanke magana ɗaya kafin a tashi. Aikin dillali shi ne ya san ratar kowane mutum. Alhajin da ka san gidanshi, ka san surukanshi, 'yar kaɗan za ka sa mashi. Wanda ya sauko daga mota da sabon agogo yana yi wa kowa dariya, mai faɗi. Na taɓa ganin Baba Ɗanjuma ya ƙara wa wani falke rata bayan ya zagaya ya dubi jakinshi, ya ga gyambo a baya ba a ko sa mashi magani ba.

Na ce, "Baba, me ya haɗa jaki da ciniki?"

Ya ce, "Lawali, dabbar da ke ɗauke da shi kullum bai ba ta haƙƙinta ba. Kai da yake gani mako-mako ne zai ba ka?"

Da Baba Ɗanjuma ya rasu, Allah ya jiƙan shi, ba gona ya bar mani ba, mutane ya bar mani, babbansu kuwa Malam Isiyaku na Mabai. Dattijo ne mai babban gandu, 'ya'ya da jikoki duk a tukunya ɗaya, shaidar buhunshi zobe da ɗigo a tsakiya. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa jin ya rantse ba, don bai taɓa bukatar rantsuwa ba. In ya ce ya ga wata, mutanen Mabai sai su tashi da azumi. Tun zamanin ubanshi a rumfarmu gidansu ke sauke kaya, kuma inda ya sauke nan duk Mabai ke saukewa. Ku gane, jarina kaf a duniya shi ne yardar dattijon nan. Ba ni da wata kadara da ta wuce ta, kuma kullum na san haka.

Ana nan sai kuɗin fetur suka shigo. Kai! Ba ku ga duniya ba. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, malaman makaranta suka sayi babura suna faɗuwa da su a kan hanyar Faskari. Takin zamani ya zo kusan kyauta. Masara da a da ake shukawa bayan gida don yara su gasa, sai ta cika gonaki. Kasuwa ta cika da baƙin fuskoki, kuma abin da ya ɗaure mani kai, kowa biya yake. Mutumin da a da ba zan tsaya mashi a kan tiya ɗaya ba, sai ya loda mota guda, ya dawo ya biya har da goro. To in ce me? Rata ta fara matsewa da kanta. Ilimin da na kashe ƙuruciyata na koya ya zama ba ya aiki. Nakan zauna in rasa gane ko mutane ne suka gyaru, ko ni ne idona ya lalace.

Cikin wannan ne wani kamfanin abincin kaji da aka kafa can wajen Kaduna ya fara aiko akawunshi sayen masara. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ya mutu, a bar shi ya kwanta. Akawun sunanshi Malam Haruna, mai karatu ne sosai, ga ladabi, in ya zo sai ya durƙusa ya gaida dattawa kafin ya taɓa buhu. Ranar farko ya soka, ya ciza, ya yaba masarar, sannan ya ce su ba sa yawo da kuɗi, sai ƙarshen wata. Nan na tsaya cak. Mutum na san yadda zan auna shi, amma kamfani fa? Ba shi da surukai, ba shi da jaki.

Na ce, "Malam Haruna, shi kamfanin nan ɗan gidan wane ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce uwar kamfanin na Turai, nan reshe ne. Ban gane ba, don haka na lafta mashi rata mai faɗi. Ya amsa ko tayawa bai yi ba. Da aka gama lodi na ce mashi, "In za ka kawo kuɗi, ka taho da buhunan." Ya ce to. Wata na ƙarewa sai ga motarsu akori-kura, buhuna a baya, kuɗi a gaba cikin jaka, sababbi fil. Haka wata ya bi wata, kaka ta bi kaka, bai taɓa saɓawa ba.

Sai dillalan Sabuwa suka ga abin ya yi kyau, suka ce za su ba kamfani masara babu rata ko kaɗan, kuɗin mai biya yau. Malam Haruna bai ɓoye mani ba, ya zo ya gaya mani. Na hau keke na tafi Mabai, na tarar da Malam Isiyaku a gindin ɗorawa yana gyaran igiyar shanu. Na kwashe komai na gaya mashi. Ya ce, "Sun taɓa saɓa mana?"

Na ce, "Ko sau ɗaya, Malam."

Ya ce, "To ratar me za mu ci? Ladan fargabar da ba mu yi ba? A cire."

Aka cire. Ni ma a lokacin ban ga abin musu ba.

Wata rana a kasuwar Ƙanƙara, muna shan fura da Malam Haruna ana lodi, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce wai duk kuɗin nan daga ƙwai suke fitowa? Ya ce a'a, injinansu da gine-ginensu da bashi aka yi su. Uwar kamfanin takan buga takardar bashi ta sayar wa masu kuɗi a Ingila da Amurka, har Japan. Duk shekara a ba su kuɗin ruwa, in lokaci ya cika a mayar masu da uwar kuɗinsu, ko a sayar da sabuwar takarda a biya tsohuwa. Na ce a'uzubillahi. Ya ce, "Malam Lawal, bar ta a'uzubillahi tukuna, su ma fa rata gare su irin taku. Abin da suke karɓa a hannun gwamnatinsu kaɗan ne, don gwamnati ba ta guduwa. Na kamfani ya ɗara haka. Abin da ke tsakani kullum ana kallonshi, yau ya matse, gobe ya buɗe. Yanzu ya matse ƙwarai. Duk wanda ya ce yana harka a ƙasar da ke da fetur, rububin ba shi bashi ake."

Na ce, "Sun taɓa zuwa sun ga kajin?"

"Ba su taɓa ba."

"Sun san ko ana ba su ruwa?"

"Ina za su sani?"

"To da me suke auna ratar?"

Ya ce, "Yawanci da junansu. Kowa na kallon abin da ɗan'uwanshi ya karɓa."

Na fashe da dariya, na ce Turawan nan ashe ba su da wayo. Ina cikin dariyar sai na tuna ni ma dillalan Sabuwa na kalla na cire tawa. Furar ta fita raina.

Shekarar da abin ya faru, damina ta yi albarka. Malam Isiyaku ya zuba kusan duk gandunshi a masara, kamar yadda kowa ya yi. Masara ba ita ce abincin gidanshi ba, dawa suke ci, don haka ya ba kamfani kusan duka, da niyyar in kuɗi sun zo ya sayi dawa ya cika rumbuna, ya ƙara shanun huɗa. Ni na ɗinke bakin buhunan da hannuna, ni na ce na tsaya. Mutanen Mabai suka bi bayanshi kamar kullum. Wata ya ƙare, babu akori-kura. Na ce ƙila hanya ce. Wani watan ya ƙare. Sai ga Malam Haruna ya sauko daga motar haya, ya rame, wuyan rigarshi ya yi mashi yawa.

Ya zauna a kan buhu ya ce, "Malam Lawal, ratar ta buɗe."

Na ce, "Wace ratar? Ai mun cire."

Ya ce ba tamu ba, ta can. Wai fetur ya faɗi. Wai a Amurka gwamnati da kanta ta fara biyan kuɗin ruwa mai yawa, to wa zai bar gwamnati ya ba kamfanin kaji? Masu riƙe da takardun suna ta sayarwa a wulaƙance, sabuwar da aka buga ba mai saye sai an ninka mashi rata. Uwar kamfani ta daina turo komai, bankin nan gida kuma ya riƙe abin da ke hannunshi.

Na ce, "Tsaya, tsaya. Kajin na nan?"

"Suna nan."

"Suna ƙwai?"

"Suna yi."

"Masarar tamu sun ci?"

"Sun cinye."

"Yo to me ya canza?"

Ya ce, "A wurinmu babu abin da ya canza. Can ne suka tsorata."

"Tsoron me?"

"Kowa na tsoron kada ɗan'uwanshi ya riga shi tsorata."

Wallahi na sa ya maimaita mani, ya maimaita, ban gane ba. Kai Nura da kake murmushi, kai ka gane? Mutumin da bai san akwai Mabai a duniya ba ya kwana da tsoro a Ingila, sai rumbun Malam Isiyaku ya wayi gari babu dawa. Ta wace hanya tsoron ya biyo? Haka na ɗauki maganar da ban fahimta ba na kai wa manoma. Abin mamaki ba su tayar da hankali ba. Malam Isiyaku ya ce, "A yi haƙuri. Buhunanmu na hannunsu, magana na nan." Kowa ya riƙe wannan. Damina ta sauka, abinci ya yanke a gidaje. Na ga awakin gidan Malam Isiyaku a kasuwa, daga baya na ga ɗaya daga cikin shanun huɗarshi. Duk ranar kasuwa yakan zo ya zauna a rumfata, mu gaisa, bai taɓa tambayata ina aka kwana ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo, na gaya maku.

Ranar da ba zan manta ba, kaka ta gabato, kasuwar 'Yankara ta cika maƙil. Na tafi sallar azahar. Ina dawowa sai mutane suka fara tare ni suna miƙo hannu. "Barka Lawali!" "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo ƙarshen wahala!" Wata mai fura har da guɗa. Na ce barka da me? Aka ce je ka gani. Na iso rumfa na tarar da buhuna tuli guda, an kakkaɓe su tas, an naɗe, an ɗaure kowace shaida daban. Ga ƙafar kaza, ga tsani, ga zobe da ɗigo ya fi kowane yawa. Aka ce motar kamfani ce ta sauke, direban ya ce yana sauri, ya juya.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye maku ba, har ƙwalla ta zo mani. Na durƙusa na kwance ɗaurin farko ina neman jakar kuɗi. Babu. Na kwance na biyu. Na kama buhuna ɗaya-ɗaya ina zazzagewa, ƙura na tashi. Da farko mutane dariya suke, sun ɗauka wasa nake masu. Sannu a hankali dariyar ta mutu.

Wani mutumin Mabai ya ce, "Lawali, ina kuɗin?"

Na ce, "Ban ga kuɗi ba."

Ya ce, "Buhu ya dawo babu kuɗi? Tun da aka kafa kasuwar nan ka taɓa ji?"

Ban taɓa ji ba. Abin da ya kashe ni ke nan, ni kaina ban taɓa ji ba. Kaina ya juye har na sa hannu ina laluba aljihuna, ko an ba ni na manta. Wannan lalubar ita ta ƙara ɓata lamarin. Wani ya ce shi ya ga direba ya shiga bayan rumfa da jaka. Wani ya ce ai dama bana Lawali ya yi wa ɗakinshi rufin kwano, alhali rufin nan tun bara waccan ne. Mutanen da na sani tun ina ɗinki, waɗanda muka ci tuwo a kwano ɗaya, kowa ya rungumi buhunanshi yana ɗaga mani su a fuska. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yansu sun yi damina da yunwa. Aka kirawo sarkin kasuwa. Wani ya ci kwalar rigata. Tsoro ya kama ni, ba na duka ba, tsoron Malam Isiyaku ya zo ya gan ni a haka.

Sai ga shi kuwa, yana dogara sanda, babban ɗanshi Sale na biye. Jama'a suka dare, don kowa ya san shi ya fi kowa kaya a ciki. Bai dube ni ba. Ya sunkuya ya ɗauki buhu ɗaya mai zobe da ɗigo, ya juya shi, ya shafa bakin inda basillata ta bi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan buhun ba nawa ba ne."

Sale ya ce, "Baba, ga shaidarmu nan..."

Ya ce, "Na ce ba nawa ba ne. Nawa ba su dawo ba tukuna." Ya saki buhun ya faɗi.

Jama'a, makaho ma ya san nashi ne. Amma wa zai buɗe baki ya ce Malam Isiyaku ya faɗi abin da ba shi ba ne? Wanda ya riƙe mani kwala ya sake ni. Mutumin da ya fara tambayata ya dubi buhunan da ke hannunshi, ya ce in na Malam ba su dawo ba, to nashi ma ba su dawo ba, ya ajiye. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye. Sarkin kasuwa ya gyara murya ya ce, "To tunda buhuna ba su dawo ba, magana na nan. A watse." Aka watse aka bar ni tsaye a tsakiyar tulin.

Bayan kwanaki Malam Haruna ya zo. Ashe shi ya aiko da buhunan. An sallame su daga aiki, za a rufe sito, ya ga buhunan mutane a jibge, ya tuna kaka ta kusa, ya ce ko ba komai kada manoma su yi asara biyu. Da kuɗin aljihunshi ya sa aka kakkaɓe, ya biya direba. Da na ba shi labarin abin da ya faru sai ya dafe kai, hawaye na zuba, ya ce, "Ni taimako na yi nufi. Me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mani?" A gaya mashi me? Na zagaya da shi wurin mutanen Mabai ya yi masu bayani. Waɗansu suka yarda, waɗansu suka ce baki muka haɗa. Buhunan kuwa ba wanda ya zo ya ɗauka, a rumfata gara ta cinye su, mutane suka sayi sababbi da abin da ba su da shi. Daga baya can aka raba wani ɗan abu daga kadarar kamfanin, bai kai a faɗa ba.

Da aka yi girbi, mutanen Mabai suka zo suka sauke mani kaya kamar da. Na tambaya, aka ce Malam ne ya ce kowa ya kai wa Lawali. Na yi hamdala. Amma na duba cikin kayan ban ga zobe da ɗigo ba. Kasuwa ta zagayo, babu. Sai na ji wai Sale ne ke kai hatsin gidansu Sabuwa, duk nisan nan, ga hanya ba kyau. Na kasa haƙuri, na hau keke na tafi Mabai.

Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Na yi mashi godiya, na ce ya sayi mutuncina a ranar da ba mai saye. Ya ce ba komai. Sannan na ce, "Malam, ka turo mani kowa, kai ban gan ka ba. Laifi na yi?"

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "Lawali, na tsufa ban taɓa tsayawa gaban jama'a na faɗi abin da na san ba haka yake ba, sai a rumfarka. Ba zan iya sake zama cikinta ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Da na yi shiru da ya fi, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Amma dai Malam, ka yarda ban ci kuɗin nan ba?"

Ya dube ni, karo na farko tun ranar 'Yankara. Ya ce, "Ranar ban tambaye ka ba. Yau ma ba zan tambaye ka ba."

Ya rako ni har bakin gari kamar yadda ya saba, ya yi mani addu'a, ya ce in gaida iyali, ya juya. Har Allah ya karɓi ranshi, ko ƙwaya ɗaya ta hatsinshi ba ta ƙara ratsa hannuna ba.